Mai Sharhin Wasa: Maroƙi Ne Ko Mai Faɗin Gaskiya?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, akwai wata tambaya da ta kamata duk mai burin aikin rediyo a cikinmu ya yi wa kansa: idan ƙungiyar wasa ce ta ɗauke ka aikin sharhi, wa kake yi wa hidima, ita ko masu sauraro? Tarihin ƙungiyar besbol ta Seattle Mariners a Amurka ya isa ya ba mu amsa.

A babbar gasar besbol ta Amurka akwai ƙungiyoyi 30, kowace tana buga wasa 162 a kaka guda, kuma tun 2022 guda 12 ne ke shiga zagayen fid da gwani. Saboda haka mai sharhi yakan shafe wata shida yana magana da mutanen garinsu kusan kowace rana, yawancin shekaru kuwa ba tare da kofi a ƙarshe ba. An kafa Mariners a 1977, marigayi Dave Niehaus kuma shi ne muryarta tun daga wasan farko har rasuwarsa a 2010. Sai a 1991 ƙungiyar ta fara gama kaka da nasarori fiye da rashin nasara. Wato mutumin nan ya yi shekara 14 yana kai wa jama'a labarin shan kashi, amma ba su kashe rediyonsu ba.

Wasu za su ce ai wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka aikin mai sharhi shi ne kambama ƙungiya ko da ta lalace. Ni ban yarda ba. Maroƙin da ya saba kiran rago jarumi, ranar da jarumin gaske ya fito ba wanda zai gaskata shi. Masu sauraro ba yara ba ne; suna da teburin maki a gabansu. Abin da suke nema shi ne mutumin da ke son ƙungiyar kamar yadda suke sonta, amma wanda idan ɗan wasa ya yi kuskure zai ce ya yi.

Amfanin wannan amana ya bayyana a 1995. A watan Agusta California Angels ta ba Mariners ratar wasa 13, ga kuma raɗe-raɗin cewa za a mai da ƙungiyar wani gari saboda rashin sabon fili. Mariners ta cike ratar, ta doke Angels a wasan raba gardama, sa'an nan ta fitar da New York Yankees da bugun Edgar Martinez a wasa na biyar. Ihun da Niehaus ya yi a daren nan ya ratsa mutane ne domin sun san ba ya ihu a banza. Bayan 'yan kwanaki majalisar jihar Washington ta amince da kuɗin gina fili, aka buɗe shi a 1999, ƙungiya ta zauna a garinta.

Har yanzu haƙuri bai ƙare ba. A 2001 sun ci wasa 116 amma ba su kai wasan ƙarshe ba. Daga nan sai 2022 suka sake shiga fid da gwani, a 2025 kuma Toronto Blue Jays ta tare su saura wasa ɗaya tak. Su kaɗai ne ba su taɓa buga World Series ba.

To, jama'a, sa rai halal ne, amma a gina shi bisa gaskiya. Wanda ya riƙe makirufo, a filin wasa ne ko a zauren siyasa, ya tuna cewa albashinsa na hannun mai gida, amma mutuncinsa na hannun masu sauraro. Allah ya sa mu gane.