DUNIYOYI DUBU, AMMA INA NAUYIN AIKI?

Ya 'yan uwa masu karatu, na san wasu za su yi mamakin ganin an ware shafi guda a wannan fitowa domin maganar wasan kwamfuta, alhali kuwa ga matsaloli jibge a gaban al'umma. Uzurina shi ne, ƙannenmu da 'ya'yanmu suna raba dare a kan waɗannan wasanni, mu kuwa manya mun tsaya daga nesa muna ta faɗa ba tare da mun san abin da ke ciki ba, kuma ba a yi wa abu hukunci sai an san shi. Saboda haka da ɗan yayana ya zo mana hutu da na'urarsa ta Xbox, sai na nemi ya koya mini wasan da ya ɗauke masa hankali, mai suna Starfield. Na yi makonni ina bugawa, har na kai ƙarshen labarinsa, kuma abin da na gano shi nake son mu tattauna.

Kamfanin Bethesda na ƙasar Amurka ne ya fitar da wasan ranar 6 ga Satumba, 2023, ƙarƙashin jagorancin Todd Howard, mutumin da ya jagoranci Skyrim na 2011 da Fallout 4 na 2015. An yi masa gangami ba kaɗan ba, domin kamfanin Microsoft ya riga ya sayi uwar kamfanin Bethesda a kan dala biliyan 7.5, cinikin da aka kammala a 2021, kuma wannan wasa yana cikin manyan abubuwan da ake jira daga cinikin. Alkawarin da aka yi wa jama'a shi ne duniyoyi da watanni fiye da 1,000 a kewayen taurari wajen 100, kowacce mutum na iya sauka a kanta. Cikin makonnin farko kamfanin ya ba da sanarwar cewa mutum miliyan 10 sun buga shi.

Labarin yana faruwa ne a shekarar 2330. Kai ɗan wasa kai ne za ka zaɓi kamanninka da sana'arka da asalinka, sannan ka fara a matsayin lebura mai haƙar ma'adinai a wani wata da ake kira Vectera. A cikin rami za ka taɓa wani baƙon ƙarfe wanda ba a san maƙerinsa ba, ka ga wasu hasken da sautuka, ka suma. Daga nan wata ƙungiyar masu binciken sararin samaniya mai suna Constellation za ta jawo ka, a ba ka kumbo da mutum-mutumi mai suna Vasco, a ce ka je ka tattaro sauran gutsattsarin ƙarfen nan. Wani abu da ya ba ni dariya, ya kuma ba ni tausayi, shi ne a wajen zaɓen asali har da iyaye: in ka so ka zaɓi kana da uwa da uba a raye, sai a riƙa cire kashi 2 cikin 100 na kuɗinka kowane mako ana aika musu, in ba ka so ba shi ke nan, ka huta. Ɗan yayana bai zaɓe su ba. Na tambaye shi dalili, ya ce, “Baffa, ai asarar kuɗi ce.” Na dai yi shiru.

Babban kukan da 'yan wasa suka yi a duniya shi ne wai duniyoyin nan fayau suke, ba kowa ba komai. Ka sauka, ka yi ta tafiya a ƙasa tsakanin duwatsu da rairayi, domin lokacin da wasan ya fito babu ko mota, sai a watan Agusta na 2024 aka ƙara ta. Kashi 10 cikin 100 ne kawai na duniyoyin ke da wani abu mai rai. Da ƙorafi ya yi yawa, ma'aikatan kamfanin sun riƙa ba masu suka amsa da cewa ai 'yan sama jannatin da suka je wata ba su tarar da komai a can ba, kuma ba su gundura ba. Jama'a suka yi musu ca, suna cewa wanda ya taka wata da ƙafarsa a 1969 ba ɗaya yake da wanda ke zaune a kan tabarma yana danna maɓalli ba. Wannan gaskiya ne. Amma duk da haka ni a wannan mas'ala ina tare da kamfanin, domin haƙiƙa haka sararin samaniya yake. Tauraron Alpha Centauri, inda aka kafa babban birnin wasan, wato New Atlantis, yana cikin mafi kusa da mu, amma haske da ke gudun kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa sai ya shafe fiye da shekara 4 kafin ya iso daga can. Wanda ya cika irin wannan sarari da kasuwanni da hayaniya ya yi wa yara ƙarya.

Hasali ma, wurin da ya fi taɓa zuciyata a wasan duka shi ne wurin da ya fi kowane zama kango, wato wannan duniya tamu. A labarin, garkuwar maganaɗisu da ke kare ta daga zafin rana ta lalace, iska ta tsere, tekuna suka ƙafe, waɗanda suka samu kumbo suka gudu, saura suka halaka. In ka sauka babu abin da za ka gani sai yashi iyakar ganinka. In ka tsinci littafin Oliver Twist ka karanta, za a nuna maka inda birnin Landan yake, ka je ka tarar da dogon bene guda ɗaya tsaye cikin rairayi. Haka ragowar dalar Alƙahira. Can gaba kuma, a kangon wata tashar hukumar NASA, sai ka gano cewa ba tsautsayi ba ne: gwajin injin da ya ba mutane damar tsallakawa zuwa taurari shi ne ya rusa garkuwar, kuma masanin da ya jagoranci aikin ya san haka zai faru, ya ɓoye, ya ci gaba. Na daɗe tsaye a wurin ban danna komai ba. Wanda ya rubuta wannan sashe ya san abin da yake yi, kuma duk mai hankali zai fita daga cikinsa da tambaya game da ci gaban da ake saye da gidan da aka haifi mutum.

To, ina aibin yake? Na farko ƙarami ne, kowa ma ya faɗe shi. Saboda ba zai yiwu a zana duniyoyi dubu da hannu ba, sai aka bar wa na'ura ta riƙa shimfiɗa ƙasa, tana ɗauko gine-gine daga wani ƙayyadadden jeri tana dasawa. Sakamakon haka za ka shiga wani yasasshen ɗakin bincike a wannan tauraro, ka tafi wani tauraro mai nisa ka sake shiga shi ɗin dai, da ɗakunansa da 'yan fashinsa da takardun da aka bari a kan tebur. Ranar da ka gane haka, ranar sha'awar yawo take mutuwa. Wannan matsalar sana'a ce, ana iya gyara ta.

Na biyun shi ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin shi ba kuskure ba ne, da gangan aka gina shi. Irin wannan wasa ana tallarsa ne da cewa kai ke zaɓar hanyarka, kuma zaɓinka yana da sakamako. Amma a cikin rayuwa ɗaya kana iya zama sojan sa kai na ƙasar United Colonies, ka zama ɗan sandan abokiyar hamayyarta Freestar Collective wadda suka gwabza yaƙi da ita, ka yi wa wani kamfani leƙen asiri a birnin Neon inda ake sayar da ƙwaya a fili, sannan ka shiga cikin 'yan fashin Crimson Fleet, duk ba wanda zai rufe maka ƙofa har abada. Manyan mutanen labarin kuwa ko ka harbe su ba sa mutuwa, durƙusawa suke yi su tashi. Laifi mafi yawa tara ce, ka biya ka wuce.

Sau ɗaya ne na ji wasan ya ɗora mini nauyi na gaske. Akwai inda wani maƙiyi da ake kira Mafarauci yake kai hari, a tilasta maka zaɓi: ko ka tsaya ka kare gidan ƙungiya, ko ka ruga tashar sama inda wasu abokanka suke. Duk wanda ka zaɓa, ɗaya daga cikin abokan tafiyarka mafi kusa zai mutu a ɗaya wurin. Ni na tsaya a gida, sai Sam Coe ya mutu, mutumin da ke yawo da 'yarsa ƙarama mai son karatu a cikin kumbona. Aka yi zaman makoki. Ba zan ɓoye muku ba, da girmana da furfurata sai da na ji wani abu ya tokare mini ƙirji, na ajiye na'urar na fita tsakar gida. Na ce a raina, lallai yanzu wasan ya fara magana.

Ashe ban sani ba. Idan ka gama tattara ƙarafan, za su kai ka wani wuri da aka kira Unity, wai mahaɗar dukkan halittu, a ce maka in ka ratsa ta za ka farka a wata duniyar daban mai kama da wadda ka bari. Kuɗinka da kumbonka da gidanka da matarka duk za ka bar su, amma ƙwarewarka da ƙarfinka suna biye da kai, har da ƙari. A can kowa yana raye. Sam yana nan, bai san ka ba, kuma da yake ka san abin da zai faru kana iya hana mutuwar gaba ɗaya. In ka kai ƙarshe ka sake ratsawa, ka sake, ba iyaka. Wato dai makokin da na yi na banza ne, marainiyar da na bari a baya kuwa ba wanda zai sake tambayata labarinta.

Adalci ya wajaba a nan. Marubutan wasan ba su jahilci wannan ba, domin shi Mafaraucin nan mutum ne da ya ratsa mahaɗar sau ba adadi har rayukan mutane suka zama ba komai a idonsa, tunda ya san zai sake samun irinsu a gaba. Sun kuma bar maka damar ka juya baya ka ƙi shiga. Wasu masu sharhi suna ganin wannan ita ce hikimar wasan, wai madubi ne aka kafa wa ɗan wasa domin ya ga kansa. Na yarda an kafa madubin. Sai dai ina tambaya, wane ɓangare aka ɗora wa lada? Wanda ya zauna da mutanensa ba a ƙara masa komai, ƙofar ma tana nan buɗe tana jiransa. Wanda ya watsar da su shi ake ba sabon kumbo da sabon sulke da ƙarin ƙarfi. Yaro ɗan shekara goma sha biyar ba jawabin da aka sa a bakin Mafarauci zai riƙe ba, abin da aka saka masa da shi zai riƙe. Ɗan yayana ya ratsa sau huɗu, kuma ya gaya mini cewa tun daga zagaye na biyu ya daina sauraron abin da mutanen ciki ke faɗa, danna maɓalli kawai yake yi su yi shiru.

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Wasan ya gabatar da aƙidu uku na ƙirƙira: masu neman Ubangiji a cikin taurari da ake kira Sanctum Universum, da masu cewa babu wani abin dogaro sai ɗan Adam, da gidan Va'ruun masu bautar wani babban maciji. Na ji wasu iyaye sun tsorata da macijin, amma ni ban ga yaron da zai bar sallah saboda macijin zane ba. Abin da ya fi shiga jiki a hankali shi ne wancan tunani na cewa rayuwa zagaye ce, aiki ba ya tabbata a kan mai shi, abin da ka ɓata yau za ka sake shi gobe a wata duniyar. Mu kuwa abin da muka yi imani da shi, rai ɗaya ne, zuwa ɗaya ne, kuma abin da mutum ya shuka yana nan yana jiransa. Ba a rubuta saɓanin wannan a allon wasan ba balle a yi gardama da shi, hannu ne yake koyonsa ta hanyar maimaitawa.

Ban ce a farfasa na'urori ba, kuma ba ni da matsayin ba da fatawa. Amma ya kamata iyaye su sani cewa hukumar tantance wasanni ta Amurka ta sanya Starfield a rukunin 'yan shekara 17 zuwa sama, ta Turai kuma 18, saboda zubar da jini da shaye-shaye da munanan kalamai, kuma wannan alama tana nan a jikin kwalin ga mai son dubawa. Su kuma sani cewa wasa ne da ba a gama shi a zama ɗaya ko goma. Ni da kaina akwai daren da na ce bari in leƙa wata duniya guda kafin in kwanta, ban farga ba sai da na ji ladan yana kiran assalatu.

Daren da zai koma makaranta na kira ɗan yayana, na ce ya buɗe mini inda na tsaya, a bakin mahaɗar. Ya ce, “Baffa, ka shiga mana, ai a can ne ake samun kumbo mai kyau.” Na ce masa yarinyar nan da ubanta ya mutu saboda zaɓina, wa zan bar wa ita? Ya yi dariya ya ce ai ba mutum ba ce. Na ce na sani, amma shi da ya zauna zaman makokin a zagayensa na farko, me ya ji? Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce shi a nasa Sarah Morgan ce ta mutu, kuma ya kwana biyu bai taɓa wasan ba. Na juya da ɗan wasana baya, na koma kumbo, muka kashe na'urar.