SABON HARAJI A KAN BAKIN ƊALIBI

Jama'a, an zo mana da sabon salon karatu. Wai yanzu ba sai ɗalibi ya gurfana gaban malami ba. Malami zai aza tambaya a intanet, ɗalibai su amsa ta waya, wannan ya ja, wancan ya gyara, har gaskiya ta fito. Jami'ar karatu daga gida, watau NOUN, ta wannan hanya take koyarwa. Sa'ad da annoba ta rufe makarantu a 2020, sauran ma nan aka ce su bi.

Mu ba mu ƙi ba. Muhawara ita ce gishirin ilmi, matambayi kuwa ba ya ɓata. Amma muna tambayar Gwamnatin Tarayya: da wace wuta, da wane kuɗi ɗan manomin Gezawa zai sa baki?

Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin fetur, mai cajin waya da janareta ya ƙara kuɗi. A Oktoba 2024 yawancin Arewa ta yi fiye da mako cikin duhu. A Janairu 2025 hukumar NCC ta yarje wa kamfanonin waya su yi ƙari har kashi 50 cikin ɗari. To, yaron Jogana ko Babawa sai ubansa ya auni gero ya kai kasuwa kafin ya sami damar yi wa malaminsa tambaya. Kafin ya sayi data, 'ya'yan manya sun gama magana an watse. Ran jarrabawa kuwa takarda ɗaya za a miƙa musu, sannan a ce ɗan talaka daƙiƙi ne!

Lalle wannan haraji ne, ko da ba dagaci ke karɓa ba. 'Yan NEPU sun sha ɗauri da bulala kafin Rimi ya soke haraji da jangali a 1979. Ba mu yarda a komo da shi ta cikin waya ba.

Abin da muke nema biyu ne. A sa shiga shafukan makarantu ya zama kyauta, yadda Afirka ta Kudu ta yi a 2020. A kuma buɗe asusun USPF, wanda dokar sadarwa ta 2003 ta tanada domin karkara, a gina ɗakin karatu mai wutar sola da intanet a kowace mazaɓa cikin 11 na Gezawa.

Talakawa, ku adana katinku na zaɓe. In sun ƙi ji, ba sa ƙi gani ba.