Kifin ruwanmu bai cancanci wannan wulaƙanci ba

Raina ya ɓaci a makon nan, kuma kifi ne sanadi. An kawo wa wani gida da nake shiga giwan ruwa daga Tiga, sabon kamu, idonsa tar. Aka bar shi a cikin leda a bayan mota tun hantsi har la'asar, da kayan cikinsa da komai. Da aka ga dama aka yayyanka, aka antaya a tafasasshen mai, aka soya har ya ƙandare. Ƙarshenta masu gida suka yanke hukunci wai kifin ruwa ƙarni gare shi, gara na ƙanƙara.

To, ba laifin kifin ba ne. Kifi daga ciki yake fara lalacewa, daga hanji da jan abin nan da ke ƙarƙashin kunnuwansa, kuma zafin ƙasarmu ba ya ba shi lokaci. Duk wanda ya taɓa zama da Sarkawa a Yawuri ko masunta a Nguru ya san abin da ba a jinkirta shi: a farke cikin, a zare hanjin, a cire na kunnen, a wanke jinin da ke kwance a jikin ƙashin baya. Wannan jinin da baƙar fatar da ke shimfiɗe a cikin cikin karfasa, su ne rabin ƙarnin da ake kuka da shi. Sannan a bi matsarmama a hankali, domin in ta fashe, ɗacinta ya shiga tsoka, babu yajin da zai fitar da shi.

Tarwaɗa kuwa yauƙinta ne abin yaƙi. Iyayenmu toka suke murza mata, ko su kwara mata ruwan zafi na ɗan lokaci su kankare, sai lemon tsami da gishiri su ƙarasa. Yau na ji har da masu wanke ta da sabulun wanki. Don Allah a bari.

Sai dahuwa, inda ake yin babbar ɓarna. Farfesun kifi romonsa ake fara haɗawa: albasa, attaruhu, citta, tafarnuwa, masoro, kimba kaɗan, daddawa. A bar su su tafasa, su saki ƙamshinsu, sannan a jera kifin a rage wuta. Minti 10 zuwa 15 sun ishi yanka mai matsakaicin kauri. Ba a sa ludayi a juya, tukunyar ake girgizawa a hankali, in ba haka ba sai a wayi gari da faten kifi da ƙaya a ko'ina. Ɗoɗɗoya daga ƙarshe take shiga, ana dab da saukewa. Sabon kifi yana da zaƙinsa na kansa, kuma wanda ya zuba masa dunƙulen magi huɗu ya binne wannan zaƙin ke nan. Karfasa a tsattsaga jikinta, a shafa gishiri da yajin ƙuli, a ɗora a garwashin da ya daina hayaƙi. Ban hana suya ba, amma a fitar da kifin tun cikinsa na da ruwa-ruwa, kuma a daina amfani da man da ya yi baƙi don yawan maimaici.

Abin da ke ƙara ci mini tuwo a ƙwarya, mu ne masu Argungu. Tun 1934 ake bikin kamun kifi a kogin Matan Fada, hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, a 2020 aka fito da kifi mai kilo 78 duniya ta gani. Amma yaro a Kano ko Kaduna bai san bargi ba, bai san kurungu ba, sai kifin da ya yi watanni a ƙanƙara, aka ɗauko shi a jirgin ruwa daga wata nahiya muka biya da dala. Na san za a ce babu wutar lantarkin da za a adana sabon. Gishiri da banda sun riga lantarki zuwa ƙasar nan, kuma da su kifin Baga ya riƙa isa kasuwannin Kudu lafiya lau.

Akwai kuma wanda ba sakaci ba ne, zalunci ne. Masu zuba gubar Gamalin a tafki don kifi ya taso, su kashe manya da ƙanana da ƙwai gaba ɗaya, a ruwan da mutane da dabbobi ke sha. Da masu fesa wa banda maganin ƙwari don kada tsutsa ta shige ta, su kai kasuwa a saya wa yara. Wannan guba ce, wanki ba ya raba ta da tsoka, dahuwa ma ba ta kashe ta. Mai yin haka ya san abin da yake yi, kuma haƙƙin duk wanda ya kwanta ciwo yana wuyansa. Sarakunan ruwa sun san su da sunayensu, shugabannin 'yan kifi a kasuwa ma sun san su. A kama su, a ƙwace komarsu da kwalekwalensu, a gurfanar da su gaban alƙali.