Ƙurar Reggane da nauyin kawo shaida



Duk wanda ya taɓa zama gaban alƙali ya san ƙa'idar da ake buɗe shari'a da ita, wato wanda ya kawo ƙara shi ke kawo shaida. Ƙa'ida ce mai kyau, domin ba don ita ba, da kowa ya tashi da safe sai ya ɗora wa maƙwabcinsa bashin da bai ci ba. Amma akwai wata irin shari'a da wannan ƙa'ida take zame wa mai gaskiya dutse a ka, ita ce wadda wanda ake ƙara shi ne ya tattara shaidun duka a akwatinsa, ya kulle, ya jefa makullin a aljihu. Irin wannan shari'a ce ta haɗa gwamnatin Faransa da tsofaffin sojojinta da ta kai Saharar Aljeriya gwajin bam ɗin nukiliya, kuma ita muke so mu duba a wannan fitowa, domin wurin da abin ya faru bai yi mana nisan da wasu suke zato ba.

Da safiyar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a kudu da garin Reggane. Ta raɗa masa suna Gerboise bleue, sunan wani ɗan ɓeran hamada mai dogayen ƙafafun baya. Ƙarfinsa ya kai wajen kiloton 70, wato kusan ninki huɗu na wanda Amurka ta jefa wa Hiroshima a 1945. Aka ƙara tayar da uku a sararin Reggane zuwa watan Afrilu 1961, sannan aka koma cikin ramukan da aka haƙa a gindin dutse a In Ekker, cikin duwatsun Hoggar, kimanin kilomita 150 arewa da Tamanraset, garin da 'yan uwanmu matafiya ta hanyar Agadas da Arlit suka sani sarai. Can aka yi gwaji 13 daga 1961 zuwa 1966. Aljeriya ta sami 'yancin kanta a 1962, amma yarjejeniyar Evian ta bar wa Faransa waɗannan wurare har tsawon shekara biyar. Daga nan aikin ya koma tsibiran Moruroa da Fangataufa a tekun Pasifik, inda aka yi gwaji 193 kafin a daina a 1996. Idan aka haɗa duka, gwaji 210 ke nan, kuma ana ƙiyasta cewa mutum wajen 150,000, soja da farar hula, suka yi aiki a wuraren. Da yawansu samari ne 'yan shekara ashirin da aka ɗauka aikin soja na dole, ba su zaɓi inda za a kai su ba.

Ƙasashen yankinmu da suka riga suka sami bakin magana ba su yi shiru ba. Ghana ta Kwame Nkrumah ta riƙe kadarorin Faransa da ke ƙasarta, Nijeriya kuma ta kori jakadan Faransa daga Legas a Janairu 1961, bayan gwaji na uku. Lokacin bam na farko Nijar da Chadi ba su kai ga 'yanci ba tukuna, sai a watan Agusta na wannan shekara. An ce musu su kwantar da hankali, hamada ce ba kowa. Sai bayan shekara 54, a 2014, jaridar Le Parisien ta buga wata taswirar soja da aka cire wa hatimin sirri, wadda ta nuna ƙurar bam ɗin farko ta isa Tamanraset da Njamena da Bamako cikin 'yan kwanaki, kafin mako biyu kuma ta taɓa gaɓar Sifen da tsibirin Sisili.

Abubuwa biyu sun isa su nuna wa mai karatu yadda aka riƙi ran sojan da ke wurin. Na farko ya faru ranar 25 ga Afrilu 1961, a gwajin Gerboise verte, wanda aka yi cikin gaggawa saboda wasu janar-janar sun yi tawaye a birnin Aljiyas. Bayan tashin bam ɗin aka umarci wata runduna ta yi atisaye, wasu a ƙafa wasu cikin motocin yaƙi, har suka matsa 'yan ɗaruruwan mita daga inda ya fashe. Wani rahoton soja da ya fito fili a 2010 ya nuna cewa manufar ita ce a ga abin da wannan makami yake yi wa jikin mutum da hankalinsa. Na biyu shi ne na 1 ga Mayu 1962 a In Ekker, gwajin da aka kira Béryl. Toshiyar ramin ba ta riƙe ba, dutsen ya tsage, baƙin hayaƙi da narkakken dutse suka yi waje, iska ta kaɗo su kan mutanen da aka tara kallo. Cikinsu har da ministoci biyu, Pierre Messmer na soja da Gaston Palewski na binciken kimiyya. Kowa ya yi ta kansa. Wasu sojoji tara da aka bari a wani wurin gadi suka daɗe cikin ƙurar kafin su fito, daga baya aka kwashe su zuwa asibitin soja na Percy kusa da Paris. Palewski ya mutu a 1984 da sankarar jini, yana mai imani cewa a ranar nan ya ɗauko ta.

To, a nan wahalar take. Harsashi idan ya sami soja yakan bar tabo, likita ya gani ya rubuta, magana ta ƙare. Tururin nukiliya kuwa ba shi da launi, ba shi da wari, mutum zai koma gida lafiya lau, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, sai bayan shekara ashirin ko talatin ciwon daji ya bayyana a huhu ko a maƙogwaro ko a jini. Kuma babu likitan da zai dubi ƙari ya rantse cewa wannan na Reggane ne, ba na taba sigari ko na gado ba. Abin da zai iya taimakon mara lafiya shi ne takardar da ta nuna yawan tururin da ya shiga jikinsa, amma da yawa ba a ba su na'urar awon ba sam, waɗanda aka ba kuma sakamakon yana hannun ma'aikatar soja, ƙarƙashin hatimin secret défense. Shekara da shekaru hukuma tana cewa gwaje-gwajenta masu tsabta ne, kotun fanshon soja kuma tana ce wa tsoho mai tari ya kawo hujjar da ke kulle a ofishin wanda yake ƙara. An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta.

Sai a 2001 tsofaffin sojojin da matan waɗanda suka mutu suka kafa ƙungiyar AVEN a Faransa, mutanen tsibiran kuma suka kafa tasu mai suna Moruroa e tatou. Matsin lambarsu ya haifi dokar 5 ga Janairu 2010, wadda aka fi sani da loi Morin, da sunan ministan tsaro na lokacin, Hervé Morin. A takarda dokar ta juya nauyin shaida. Ta ce duk wanda ya nuna abu uku, cewa ya zauna a wuraren da aka ayyana, a cikin shekarun da aka ayyana, kuma yana ɗauke da ɗaya daga cikin cututtukan da aka jera, to za a ɗauka gwajin ne ya jawo masa, a biya shi diyya, in ya mutu a biya magadansa. Aka kafa kwamitin CIVEN don duba takardun. Sai dai an saƙa wata 'yar jimla a ciki, mai cewa ana iya hana diyya idan aka ga haɗarin da mutum ya shiga ɗan kaɗan ne, wanda bai kai a kula da shi ba. Ta wannan ƙofa aka fitar da kusan kowa. Wani rahoton majalisar dattawan Faransa ya nuna cewa zuwa watan Yuni 2013 an shigar da takardu 840, an biya mutum 11. Mu dai a ganinmu dokar da ta ƙi mutum 98 cikin 100 na waɗanda aka yi ta dominsu, sunan doka kawai ta ci.

An yi gyare-gyare bayan haka, kuma adalci ne a faɗe su. A ƙarshen 2013 aka cire kwamitin daga ƙarƙashin ma'aikatar tsaro ya zama mai cin gashin kansa. A Fabrairu 2017 aka goge waccan jimla, yawan waɗanda ake biya ya ƙaru sosai. Cututtukan da aka amince da su suka tashi daga 18 zuwa 23. Amma a ƙarshen 2018 aka sake kafa wani shinge, cewa ana iya hana mutum idan lissafi ya nuna tururin da ya same shi bai kai milisibat ɗaya a shekara ba, lissafin kuwa da alƙaluman hukumar da ta yi gwajin ake yin sa. Kwamitin bincike na majalisar dokokin ƙasar ya ba da shawara a 2025 a cire wannan shinge. Saurayin da ya tsaya a Reggane a 1960 yana ɗan shekara ashirin ya haura tamanin da biyar yanzu, idan yana raye, kuma kowace shekarar jinkiri tana rage yawan masu zuwa karɓa.

Amurka ta bi irin wannan hanya da nata sojojin, har sau biyu. A yaƙin Biyetnam ta yi feshin maganin kashe ciyawa da ake kira Agent Orange daga 1962 zuwa 1971, mai ɗauke da gubar dayoksin, ba ta yi dokar amincewa da cututtukansa ba sai 1991. A Iraƙi da Afganistan kuma sansanonin soja sun riƙa ƙone shararsu a manyan ramuka, roba da batir da tayoyi da kayan asibiti, ana zuba musu man jirgi, sojoji suna kwana suna tashi cikin hayaƙin. Mafi yawan waɗanda suka nemi haƙƙinsu an ƙi su, da hujjar nan dai ta rashin shaida. A ranar 10 ga Agusta 2022 shugaba Joe Biden ya sa hannu kan dokar PACT, wadda ke ɗauke da sunan Saje Heath Robinson, sojan da ya mutu da ciwon dajin huhu a 2020. Dokar ta jera cututtuka fiye da ashirin da ƙasashen da aka yi aiki, ta ce wanda ya haɗa biyun ba a tambayarsa wata hujja, za a yi masa magani, a ba shi kuɗin wata-wata, kuma kowane tsohon soja da ke rajista a asibitocinsu za a riƙa tantance shi. Zuwa Mayu 2024 an amince da buƙatu fiye da miliyan ɗaya. Bambancin wannan adadi da mutum 11 na Faransa bai zo daga likitoci ba, ilimin ɗaya ne a ƙasashen biyu. Ya zo ne daga wanda doka ta ɗora wa shakka, gwamnati ko mara lafiya.

Sai dai kowace ƙasa nata ta sani. Dokar PACT ta ambaci Saudiyya da Kuwait tun daga 2 ga Agusta 1990, amma Ba'amurke kaɗai take nufi. Nijar ma ta tura ɗaruruwan sojoji Saudiyya a wancan yaƙi na Tekun Fasha, babu sunansu a ciki, kamar yadda babu manomin Biyetnam ko mazaunin gefen sansani a Iraƙi. Wannan ba baƙon abu ba ne a gidajenmu. Kakanninmu 'yan mazan jiya da suka yi wa Faransa yaƙi sun ga yadda aka daskarar da fanshonsu tun daga dokar 1959, abokin yaƙinsu Bafaranshe yana karɓar ninkin-ba-ninkin abin da suke karɓa, ba a daidaita ba gaba ɗaya sai a 2011, lokacin da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Ita loi Morin, a nan ta fi ta Amurka, domin ba ta tambayi ɗan wace ƙasa ne mutum ba. Lebura ko makiyayi ko direban da ya zauna a yankin Reggane tsakanin 13 ga Fabrairu 1960 da ƙarshen 1967, ko a yankin In Ekker daga 7 ga Nuwamba 1961 zuwa ƙarshen 1967, yana cikin waɗanda ta ambata. Amma ina Buzun da yake kiwo a Hoggar a 1962 zai samo takardar shaidar zama, da takardar asibiti mai sunan cutar, a kuma cika su da Faransanci? Shi ya sa bayan shekara goma da kafa dokar, ɗan Aljeriya ɗaya tak aka biya. Har yau Aljeriya tana neman Faransa ta share wuraren da ta binne gurɓatattun motoci da ƙarafa cikin rairayi, waɗanda mutane suka yi ta tonowa suna sayarwa ko suna rufin ɗaki da su.

Saboda haka muna jan hankalin iyalai, musamman uwayenmu da ke riƙe da adakar gida. Idan akwai tsohon soja a gidan, na zamanin Faransa ne ko na ƙasa wanda aka tura aiki waje, kada a bar gara ta ci littafinsa na soja, wato livret militaire, da takardun da ke nuna inda aka tura shi da kwanan wata, da hotuna masu rubutu a baya. Idan ya kwanta ciwo, a roƙi likita ya rubuta sunan cutar a takarda mai hatimi, a yi hotonta biyu ko uku, a ajiye a wurare dabam-dabam. Idan kuma yana da sauran ƙarfin magana, ɗa ko jika ya zauna kusa da shi da biro, ya rubuta sunan rundunarsa, da garuruwan da suka sauka, da sunayen waɗanda suka yi aiki tare.