Malaman adabi, jama'ar Bodinga da Shagari na jiran alƙalaminku

Duk shekara jami'o'in Arewa na yaye ɗalibai a fannin adabin Hausa, malamansu kuma na fitar da maƙalu masu zurfi kan waƙa da zube da wasan kwaikwayo. Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato na cikin waɗanda suka yi fice a wannan fage. Amma wanda ya bar birnin ya bi hanyar Jega, ya tsaya a tashar Bodinga ko teburin mai shayi a Shagari, ya kasa kunne ga inda jama'a ke samun bayanin siyasa, da wuya ya ji an ambaci ɗaya daga cikinsu. Sojojin baka zai ji a rediyo, sai saƙon murya na WhatsApp da ba a san mai shi ba, ana miƙa waya daga hannu zuwa hannu, kowa ya kara a kunne ya gyaɗa kai. Muna ganin wannan babban rashi ne, kuma ba haka magabata suka bar mana ba.

A dubi Alhaji Abubakar Imam. An haife shi a Kagara a 1911. Yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina lokacin da Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja. A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya ya rubuta Magana Jari Ce. Babu jami'a a Arewa a lokacin, don haka malamin makaranta mai irin wannan alƙalami shi ne shehin adabin zamaninsa. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, shi aka ba aikin edita, ya riƙe har 1951.

Turawa suka kafa jaridar, kuma don biyan bukatarsu: yaƙi ya ƙarato, suna so Arewa ta ji labari daga bakinsu. Abin da Imam ya yi da wannan kujera shi ne abin lura. Mutumin da ya ƙago akun da ke tsare ɗan sarki da labari har gari ya waye ya san yadda ake riƙe mai sauraro, ya kuma san yadda ake gaya wa mai mulki magana mai ɗaci ba tare da an rufe ƙofa ba. Ya kawo wannan gwaninta cikin jarida. Ya ba wasiƙun masu karatu wuri, har malamin ƙauye da akawun En'e suka ga kokensu a buge. A garuruwa da dama mai ilimin boko ɗaya ne zai riƙe jaridar a ƙofar gida yana karantawa da ƙarfi, dattawa na kewaye da shi, kuma Hausar Imam ta dace da irin wannan karatu, domin an rubuta ta ne don kunne. A 1943 ya je Ingila cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Nnamdi Azikiwe ya shirya. Har yau ana iya saɓa masa a kan wannan. Sai dai a tafiyar ce ya zauna da Lugard ya zayyana masa ƙarancin makarantu a Arewa da gyaran da mulkin En'e ke bukata. Ma'aikacin gwamnati ne, amma bai zama bakinta kawai ba.

Daga baya siyasa da aikin gwamnati suka janye shi, ya shiga majalisa, ya kuma yi aiki a hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa. Ya yi wa ƙasa hidima a can, ba mu musa ba, amma mai karatu ya yi asara. Wannan ita ce jarrabawar da ke jiran duk malamin da ya shiga jaridar siyasa: da zarar alƙalaminsa ya yi kaifi, masu mulki za su kira shi ciki. A Kudu an ga haka. Stanley Macebuh ya bar koyar da adabi a Amurka ya dawo gida, ya zama cikin waɗanda suka kafa jaridar The Guardian a 1983, daga baya ya zama mai taimaka wa Shugaba Obasanjo. Reuben Abati, malamin fannin wasan kwaikwayo, ya shafe shekaru yana sukar gwamnatoci a jaridar nan, a 2011 ya zama kakakin Shugaba Jonathan. Karɓar muƙami ba laifi ba ne. Amma daga ranar da aka karɓa, wanda ya saba buɗe jarida don jin gaskiyar malam sai ya nemi wani.

Mutanen Bodinga ba sai an je musu da misali daga nesa ba. A garinsu Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna lokacin da Shehu yake Sifawa. Masanin nahawu ne da sarfu, mawaƙin Larabci na gaske, kuma shi ne wanda, jihadi na tsaka da samun nasara, ya ga wasu sun karkata ga neman sarauta da dawaki da tufafin alfarma, ya faɗa a waƙa, ya kama hanyar gabas da niyyar barin komai. Da ya isa Kano mutane suka roƙe shi ya tsaya, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam kan yadda ake mulki da shari'a. Waɗanda ya soka nasa ne, abokan gwagwarmayarsa ne, kuma ƙanin Shehu ne shi, yana da abin da zai rasa. Wannan ya fi sukar abokin hamayya wuya nesa ba kusa ba. Shagari ma ta ba da nata: Alhaji Shehu Shagari yana malamin Midil ta Sakkwato ya tsara Waƙar Nijeriya a 1948, don ɗalibi da manomi su san ƙasar da aka haɗa su a ciki, shekaru 31 kafin ya zama shugabanta.

Yau abin da ke bukatar irin wannan bayani ya fi na da yawa. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya. Jihar Sakkwato na da ƙananan hukumomi 23. Wa ya zauna ya warware wa mai sayar da albasa a Bodinga, cikin Hausar da zai gane, nawa ake warewa da sunan ƙaramar hukumarsa, ina kuɗin ke bi, wa zai tambaya in rijiyar burtsatse ta lalace? Wa ya bi sawun alƙawuran tsaro da aka yi wa ƙauyukan Shagari da 'yan bindiga suka tasa, ya jera abin da aka faɗa da abin da aka aikata? Malamin da ya ƙware wajen feɗe baitin Narambaɗa, ya gane inda mawaƙi ya yi zambo da inda ya yi habaici, ba zai kasa gane inda jawabin kasafin kuɗi ya yi zagaye ba.

Mun san abin da ke hana su. Ƙarin girma a jami'a na tafiya ne da maƙalun mujallun ilimi, rubutun jarida ba ya ƙara wa malami komai a fayil. Ga tsoron a ce ya shiga jam'iyya. Ga kuma mu, gidajen jarida, da ba mu cika biyan marubuci haƙƙinsa a kan kari ba, wanda hakan ke tura wasu ƙofar 'yan siyasa.

Saboda haka muna kira ga majalisun jami'o'in jihar nan su sa rubutun wayar da kai na Hausa cikin hidimar al'umma da ake dubawa wajen ƙarin girma. Gidajen rediyo, har da Rima, su ware wa irin waɗannan malamai fili da ba ɗan siyasa ne ya saya ba. Malamin da ya amsa kiran kuma ya bayyana wa masu karatu duk wata alaƙa da yake da ita da gwamnati ko jam'iyya, in ya karɓi muƙami ya ajiye shafin. Namu shafukan a buɗe suke ga duk wanda ya yarda da wannan sharaɗi.