Kafin a yi gwanjon tsofaffin kwamfutocin ofis, a buɗe cikinsu tukuna

Tun da Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, ta sanya ranar 31 ga Disamban 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su rabu da fayil na takarda, ragowar nauyin aikin gwamnati ya tattara ya koma kan kwamfuta. Da ma albashi yana bi ta IPPIS, biyan kuɗi ta GIFMIS, kuɗin shiga kuma ta Remita. Yanzu har wasiƙa da takardar neman hutu sun kama wannan hanya. Tsari ne mai kyau, amma ya ɗauka cewa kwamfutar da ke gaban ma'aikaci tana da ƙarfin ɗaukar kayan, alhali da yawa daga cikinsu sun haura shekara bakwai ko takwas suna aiki da memorin da suka zo da shi daga kanti.

A Abuja matsalar ba ta da girma. Idan kwamfuta ta fara jan ƙafa, Banex na nan a Wuse, kafin a tashi daga aiki an dawo da ita. Amma ma'aikacin tarayya ba a Abuja kaɗai yake ba. A Jalingo akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, akwai makarantun tarayya, akwai rassan hukumomi da dama, kuma daga can zuwa hedikwata tafiyar yini guda ce a mota. A gefen Jalingon akwai Kona, garin Jukun-Kona, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar. A wuri irin Kona, kwamfuta guda ɗaya kan zama ita ce ofis baki ɗaya: da ita malami zai shigar da sakamakon ɗalibai, da ita ma'aikacin lafiya zai haɗa rahoton wata, a kanta yaron da zai zauna jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, zai fara koyon riƙe linzami. Idan ta mutu, jiran sabuwa daga kasafin kuɗi jiran gawon shanu ne. Ko kayan gyara da ke tasowa daga Legas sai sun bi ta Wukari, hanyar da ta ƙara wuya tun da ruwa ya karya gadar Namnai a daminar 2024.

Abin da ya kamata masu rubuta wa manya takardar shawara su sani shi ne, yawancin kwamfutocin da ake cewa sun tsufa lafiyarsu ƙalau, tebur ne ya yi musu kaɗan. Rumbun ajiyar kwamfuta kamar kabad ɗin fayil yake, memori kuwa, wanda masu gyara ke kira RAM, shi ne teburin da ake baza takardun da ake aiki a kansu a lokacin. Idan teburin ya cika, sai kwamfuta ta riƙa kai-kawo tsakaninsa da kabad, tana mayar da wannan tana ɗauko wancan, ma'aikaci kuma ya zauna yana kallon ɗan zobe yana juyawa. Kwamfuta mai gigabait 4, da zarar an buɗe shafuka biyar ko shida na intanet tare da Word da manhajar kashe ƙwayar cuta, ta cika. Gigabait 8 shi ne mafi ƙarancin abin da ya dace da aikin ofis a yau, mai aikin taswira ko manyan jadawalin lissafi kuma ya nemi 16. Ganewa ba ta buƙatar ƙwararre: a buɗe Task Manager a daidai lokacin da nauyin ya zo, in aka ga memori ya kusa cika, an gano ciwon. In kuwa memori na da sarari amma rumbun ajiya ne ke nishi, to maganin SSD ne, kada a ɓata kuɗi a wani wuri.

Shi memorin ɗan siririn allo ne da bai kai taƙi ba, ana sa shi cikin minti goma. Ba shi da wani abu mai juyawa da zai side, kuma da an kashe wuta duk abin da ke cikinsa ya goge, saboda haka na hannu ba ya zuwa da sirrin kowa, ba ya kuma fita da naka. A cikin kayan kwamfuta kaf, shi ne wanda sayen na hannunsa ya fi kwanciyar hankali. Kuɗin sabuwar kwamfuta guda ɗaya zai iya farfaɗo da tsofaffi da dama, musamman tun da dala ta tashi daga wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024.

To me ya sa ba a yi? Amsar tana cikin tsarin kasafi. Sayen kwamfuta babban aiki ne, yana da layinsa, yana da kwangila, yana da ɗan kwangila, ana iya ɗaukar hotonsa ranar miƙawa. Gyaran kayan ofis kuwa yana cikin kuɗin gudanarwa, wanda ke zuwa a makare, in ya zo kuma man janareta da takarda su riga kowa cinye shi. Babu wanda aka taɓa yi wa biki don ya ƙara wa kwamfuta memori. Sakamakon haka shi ne a rubuta cewa na'ura ba ta gyaruwa, a jibge ta a sito har ƙura ta rufe ta, wata rana a yi gwanjonta a kan kuɗin da bai kai na memorin da ke cikinta ba. Wanda ya saya ya kai ta kanti, ya ƙara mata abin da ofishin ya ƙi ƙara mata, ya sayar da ita da riba. Da tsohuwar zuma ake magani, amma a nan ɗan kasuwa ne ya san haka.

Sai dai arahar da ake magana a kai tana neman ƙarewa. Kamfanoni uku ne ke riƙe da kusan dukkan kasuwar memori ta duniya: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. A 2025 sun karkata masana'antunsu zuwa memori mai tsada da cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira ke rububi, suka fara janye hannu daga DDR4, samfurin da ya fito a 2014 wanda kuma shi ne a cikin mafi yawan kwamfutocin ofis. Abin da ba a saba gani ba ya faru: a tsakiyar shekarar farashin tsohon samfurin ya tsere wa na sabon, wato DDR5. A watan Disamba kuma Micron ya sanar da cewa zai rufe sashensa na Crucial, wanda ke sayar wa ɗaiɗaikun mutane memori. Idan sabo ya yi tsada, na hannu ma binsa yake yi, daga Computer Village na Ikeja zuwa titin Beirut na Kano har zuwa shagunan titin Hammaruwa a Jalingo. Ofishin da zai jira kasafin baɗi don sayen abin da zai iya saya yau, zai biya kuɗin jinkirinsa.

Saye kuma yana da ƙa'ida, don araha ba ta ado. DDR3 da DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna, kowanne da inda aka yi masa tsaga, wanda ya danna da ƙarfi zai karya abu biyu a lokaci guda. Na kwamfutar cinya gajere ne, na ta tebur dogo. Ko a cikin DDR3 akwai mai cin wuta bolt 1.5, akwai mai 1.35 da ake rubuta masa L. Inda aka fi yin asara shi ne wajen manyan kwamfutocin aiki irin su HP Z440, waɗanda masu zanen gini da masu auna ƙasa ke so. Su memorin sabar suke ci, mai gyara kuskurensa da kansa, wanda a takardar jikinsa za a ga harafin R bayan lambar gudu. Irin wannan memori yakan yi araha a kasuwar na hannu saboda manyan cibiyoyin bayanai na ƙasashen waje suna zubar da shi da yawa, sai mai saye ya ga farashi ya yi murna, ya sa shi a kwamfutar ofis ta yau da kullum, ta ƙi ko tashi. Ita harafin U take nema. Hanya mafi sauƙi ita ce a cire wanda ke ciki, a ɗauki hoton takardar jikinsa, a je da shi. A sayi biyu iri ɗaya in da hali, don sun fi gudu idan suna tafe tare. A tabbatar Windows ɗin mai bit 64 ne, domin mai 32 ba ya ganin abin da ya wuce gigabait 4 komai yawan abin da aka cusa. Kada kuma a biya sai da sharaɗin mayarwa, a bar manhajar gwaji ta MemTest86 ta kwana tana aiki a kansa. Ɗan kasuwar da ya ƙi wannan sharaɗi ya riga ya faɗi ingancin kayansa.

Masu cewa a sayi sabuwa suna da hujja guda mai ƙarfi, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro kyauta tun ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 kuwa yana neman guntun tsaro na TPM 2.0, da furosesar Intel ta ƙarni na takwas zuwa sama, wadda ta fara fitowa a 2017, ko makamanciyarta ta AMD. Kamfanin yana sayar wa hukumomi ƙarin wa'adi na shekara uku, dala 61 kowace kwamfuta a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa kowace shekara. Ma'anar wannan ita ce kusan duk kwamfutar da ke cin DDR3 ta faɗi wannan jarrabawa, ita ma Z440 duk girmanta ba ta cikin jerin waɗanda aka amince da su. Ƙarin memori ba zai canza haka ba. Kwamfutar da ke taɓa albashi ko bayanan marasa lafiya, in ba ta iya karɓar gyaran tsaro, to a sauya ta, musamman da yake Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora alhakin sakaci a kan mai riƙe da bayanan. Amma wannan hujja ta raba kwamfutoci gida biyu ne kawai. Na 2018 zuwa yau, masu DDR4, su ne suka fi cancantar ƙarin memori, kuma su ne memorinsu ke tashi. Waɗanda suka girme su kuma, da gigabait 8 da manhajar Linux wadda ba a biyan ko sisi a kanta, za su yi shekaru suna koya wa yara buga rubutu a makarantun Kona, maimakon su ƙare a hannun masu fasa ƙarfe.

Abin da ake bukata daga Abuja takarda ce mai shafi ɗaya. Kada a rubuta cewa kwamfuta ba ta gyaruwa sai jami'in fasaha ya nuna ƙarnin furosesarta, da memorin da ke ciki, da iyakar abin da za ta iya ɗauka. A ba shugabannin rassa na jihohi izinin sayen memori daga kuɗin gyara ba tare da takarda ta je hedikwata ta dawo ba. Kafin kowane gwanjo a kwashe memorin matattun na'urori, domin biyu masu gigabait huɗu-huɗu sun isa su tayar da ta uku ba tare da an kashe kobo ba, a kuma goge rumbunan ajiyarsu kafin su fita ƙofa.

Akwai kuma abin da kowane ma'ajin sito ya sani ko da ba ya faɗa: abin da ya shiga aljihu yana iya fita da ƙafarsa. Kwamfutar da aka sa wa gigabait 16 a watan Maris tana iya wayar gari da 4 a watan Yuni, ba wanda zai lura sai nauyin ya dawo. Saboda haka lambar kowane memori da girmansa su shiga rijistar kadarori kusa da lambar kwamfutar da aka sa shi, mai binciken kuɗi na cikin gida kuma, in ya zo zagayensa, ya kunna na'urar ya gwada abin da ta nuna da abin da aka rubuta.