Haƙar zinare a Zamfara: lasisi ya fi haramci amfani

Kundin tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun damƙa duk ma'adinan Nijeriya a hannun gwamnatin tarayya. Manomin Anka ko Bukkuyum da ya tono zinare a gonar gado ba tare da lasisi ba, mai laifi ne a idon doka. Dokar ta tanadi lasisin ƙananan masu haƙa, amma hedikwatar ofishin da ke bayar da shi tana Abuja, kuma kuɗi da takardun da ake nema sun fi ƙarfin talaka. Shi ya sa dubbai ke aiki a ɓoye, babu mai sa musu ido. An ga sakamakon haka a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun da ake haƙowa, masu ɗauke da dalma, a tsakar gida.

Wasu na cewa a hana haƙar ɗungurungum, tunda 'yan bindiga na cin moriyarta. Damuwarsu tana da tushe. Sai dai an gwada: gwamnati ta haramta a Afrilun 2019, ta ɗage a Disambar 2024, kuma a tsakanin nan haƙa ba ta tsaya ba, hare-hare ma haka. Masu tsoron doka ne suka janye, filin ya koma hannun masu makami. Ya kamata a kawo rajista har ƙananan hukumomi, a rage kuɗinta ga ƙungiyoyin masu haƙa, sannan a sharɗanta niƙa dutse da ruwa, nesa da gidaje.